Giyar tsohuwar Land Rover da ke gurzawa

Malam, ka ce Series IIA ɗinka na gurzawa in za ka sa giya ta biyu. Kada ka bari bakanike ya sauke giyabos tukuna. Giya ta ɗaya da ta biyu a wannan samfurin ba su da sinkiro, wato abin da ke daidaita gudun haƙoran giya don ta shiga ba gurzawa, sai a Series III ta 1971 aka sa wa duka huɗun.

Ga yadda za ka sa ta ba gurzawa: taka kulochi, mayar da giya firi, saki ƙafa, sake takawa, sannan ka shigar. In saukowa kake daga ta uku, ɗan ba ta wuta tana firi. Na yi mako ina koyon wannan a hanyar Bukuru, hannuna na rawa.

Leƙa man kulochi ma, yakan zurara ta ƙasa. Don Allah, gangaren Hawan Kibo ka sauka da giya, birkin ganga ne da ita, saurin zafi yake.