Amsa kan kifin sikilid da ke korar 'yan'uwansa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce namijin sikilid ɗinka ya mamaye akwatin gilashin, yana cizon sauran har jelarsu ta yayyage. Wannan halinsu ne, ba ciwo ba. Dangin karfasa ne, kuma irin mbuna na Tafkin Malawi a cikin duwatsu suke rayuwa, kowane namiji da kogon da yake tsarewa.

Fara cire wanda ya ji rauni yau ɗin nan, domin kifin da ya laɓe a kusurwar sama yana ƙin cin abinci ba ya daɗewa. Sannan ka sauya wa duwatsun wuri gaba ɗaya, ka tara su yadda kifi ba zai hango ɗan'uwansa daga nesa ba. Tsohuwar iyaka ta rushe ke nan. Namiji ɗaya, mata uku ko huɗu, kuma kada ka haɗa maza masu launi iri ɗaya.

Ga kuma zafinmu na Sakkwato. Ruwansu digiri 24 zuwa 28 yake so, in ya ɗumama da bazara sai faɗan ya ƙaru. Nisanta akwatin daga taga, ka sa fanka ta riƙa kaɗa saman ruwan. Lita nawa akwatin naka yake ci?