Ya ce in dai yaran suna hannuna ba zai ba da ko sisi ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mijina ya sake ni saki ɗaya, har na gama idda bai mayar da ni ba. Yaranmu biyu, mace 'yar shekara 6 da namiji ɗan shekara 2 wanda na yaye kwanan nan. Yanzu ya aiko ƙanensa wai a ba shi yaran, in kuwa na ƙi to in ciyar da su da kaina, shi ba ruwansa. Tun fitowata mahaifina ke ɗauke da nauyinmu, ga shi kuma akwai mai neman aurena. Malam, wa ke da haƙƙin riƙonsu, kuma idan na yi aure yaya ke nan?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Baiwar Allah, tsohon mijinki ya haɗa abubuwa biyu da shari'a ta raba. Riƙo daban, ciyarwa daban. Riƙo naki ne, ciyarwa tasa ce, kuma ba shi da ikon ya mayar da ɗaya farashin ɗaya.

Abu Dawud ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Amr cewa wata mata ta zo wa Annabi (SAW) ta ce ɗanta cikinta ne ya ɗauke shi, nononta ya sha, a cinyarta ya tashi, ga shi ubansa ya sake ta yana son ya ƙwace shi. Sai ya ce mata: "Ke kika fi cancanta da shi matuƙar ba ki yi aure ba." A Muwaɗɗa kuma Imamu Malik ya kawo cewa Sayyidina Umar ya tarar da ɗansa Asim yana wasa a farfajiyar masallacin Ƙuba bayan ya rabu da uwarsa, ya ɗauke shi ya ɗora a kan dabbarsa. Kakar yaron ta cim masa, aka yi ta ja har gaban Sayyidina Abubakar, wanda ya umarce shi ya bar mata yaron. Umar bai ƙara cewa uffan ba. Umar fa ake magana.

A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'armu ke bi, Risala ta Ibn Abi Zaid ta yanke iyaka: namiji yana hannun uwa har ya balaga, mace kuwa har ta yi aure mijinta ya tare da ita. Shafi'iyya suna ba yaro zaɓi idan ya yi wayo, amma su ma ba su ce a karɓe shi da yaye ba. Wannan da ake yi a garuruwanmu, da an cire yaro daga nono a zo da mota a ɗauke shi a kai wa kishiyar uwarsa, al'ada ce kawai, ba ta da tushe a littafi. Sharaɗin da ke kanki shi ne hankali, amana, lafiya da iya kula da su a wuri mai tsaro. Wanda ya ce ba ki cika waɗannan ba, shi zai kawo hujja gaban alƙali.

Maganar aurenki. Da zarar sabon mijin ya tare da ke, in ba muharramin yaran ba ne, riƙo ya bar hannunki. Amma ba wurin uban zai koma kai tsaye ba, kuma a nan ne mutane da yawa ke kuskure. Mahaifiyarki ce ta farko, sannan kakarki, sannan 'yar'uwarki wato innarsu, kafin a zo ga dangin uba, kamar yadda Mukhtasar na Shaikh Khalil ya jero. Ana so wadda za ta karɓa ta kasance ba gida ɗaya take da ke ba. Ki kuma sani, a mashhurin mazhaba, idan auren nan ya mutu riƙon ba ya dawo miki. Kada wannan ya sa ki ƙi aure in mutumin kirki ne. Ki dai zauna da mahaifiyarki ku daidaita tun kafin a ɗaura.

Ciyarwa kuwa babu saɓani a kanta. Allah Ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 233, ciyarwa da tufatarwa suna kan wanda aka haifa wa, gwargwadon abin da aka sani, kuma kada a cutar da uwa ta dalilin ɗanta. Suratuɗ Ɗalaƙ aya ta 7 ta ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa ya ciyar daga abin da Allah Ya ba shi. Saboda haka ba wani adadi da aka ƙayyade wa kowa. Alƙali zai dubi samunsa da tsadar kasuwa. Abinci, sutura, magani da kason yaran na wurin kwana duk suna ciki, kuma ke za a danƙa wa. Malamanmu sun faɗa ƙarara cewa uba ba zai ce a riƙa turo masa yaro ya ci abinci a gidansa ya koma ba. Wannan nauyin yana kansa har namijin ya balaga yana iya nema, macen kuma har mijinta ya tare da ita, ko da ke kin fi shi dukiya.

Ga wani abu da nake so ki kula da shi sosai. A Malikiyya ciyarwar yara ta watannin da suka wuce tana faɗuwa, sai in alƙali ya riga ya yanke ta, ko wanda ya ciyar ya yi da niyyar a biya shi. Kenan kowane wata da kika yi shiru don kunya, kina sauke masa nauyi ne. Mahaifinki ya kira shaidu biyu ya bayyana cewa abin da yake kashewa daga yau bashi ne, a riƙa rubutawa, har takardar asibiti a adana. A fara da manyan dangi ko limamin unguwa. In ya ƙi, ki je kotun shari'a a yanke masa na wata-wata. Ba rashin kunya ba ne. Hindu matar Abu Sufyan ta kai ƙarar rowar mijinta gaban Annabi (SAW), ya ce ta ɗauki abin da zai ishe ta da 'ya'yanta bisa adalci.

Shi ma yana da nasa haƙƙin. Waliyyinsu ne, shi ke da sa ido a kan tarbiyya da karatunsu, shi zai aurar da macen, kuma haramun ne ki hana shi ganinsu ko ki cusa musu ƙinsa. Idan kuma zai ƙaura ya zauna dindindin a gari mai nisa, wanda malamai suka ƙiyasta da tafiyar baridi 6 (baridi ma'aunin nisa ne, mil 12 kowane ɗaya), yana iya neman ya tafi da su in hanya da wurin suna da aminci, sai dai in za ki koma can ki zauna. Wannan ma alƙali ne zai duba, ba ƙanensa ba.

Allah ne mafi sani.