Ƙasar da ta dace da filin tseren motocin rimot

Ɗan'uwa, ka tambaya ko yashi zai yi maka filin tseren ƙananan motocinka na rimot. Gaskiya ba zai yi ba. Taya nutsewa take, yashin kuma ya shige giya ya cinye haƙoranta. Nemi jar ƙasa mai yumɓu, ka yayyafa ruwa, ka daɓe ta sosai kamar daɓen ɗaki. In motocinka 'yan 1:10 ne, wato tsawonsu ɗaya bisa goma na motar gaske, kada faɗin hanyar ya gaza mita 2.5, don biyu su iya wuce juna a kwana. Gefe kuwa, shimfiɗa bututun roba ka kafe shi da dogayen ƙusoshi. Ni bulo na jera, ranar farko ya ɓalle min tayar gaba, abin ya yi min ciwo ƙwarai. Ka ɗan karkata filin saboda ruwan damina ya samu mafita.