Tambaya da Amsa: Batirin Taraktar Lambu Mai Aiki da Lantarki

Tambaya: Assalamu alaikum. Na samu tsohuwar taraktar lambu mai bolt 36, batiranta duk sun mutu. Zan iya jera batirin mota uku masu bolt 12, tunda lissafin ya fita?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Lissafin bolt ya fita, malam, amma ba don wannan aiki aka ƙera batirin mota ba. Farantan dalmar da ke cikinsa sirara ne, aikinsu su ba da wuta mai ƙarfi na 'yan daƙiƙu a tayar da inji, nan take a mayar musu da abin da suka bayar. In kullum ana zuƙe shi har ƙasa, farantan kan zagwanye, cikin ɗan lokaci ya daina riƙe caji.

Abin da kake bukata shi ne batirin doguwar zuƙa, mai farantai masu kauri, irin na ƙananan motocin filin golf. Taraktocin Elec-Trak da kamfanin General Electric ya yi a Amurka a farkon shekarun 1970 da irinsa suke aiki: guda shida masu bolt 6, a jere. Misalin da aka fi sani shi ne Trojan T-105, mai amfiya-awa 225 (ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa ke nan), nauyinsa kusan kilo 28. Sai dai kada wannan 225 ta ruɗe ka, domin an auna ta ne da zuƙa a hankali na awa 20. In injin yankan ciyawa yana jan amfiya 75, minti 115 kacal batirin zai yi kafin ya ƙare tas, kai kuwa rabin haka ya kamata ka ci.

Ka sayi shidan lokaci guda, iri ɗaya, kwanan watan ƙira kusa da juna. Sabo ɗaya cikin tsofaffi biyar asara ce, domin raunanan ne za su ja shi ƙasa.

Tambaya: Batiran taraktata shekara guda ke nan, amma sun fara sanyi. Nakan bari sai ta tsaya cak kafin in sa caji, don an ce haka ya fi.

Amsa: Hajiya, wannan shawarar ce ta cuce su. Batirin dalma ba ya son zama da yunwa. Duk sa'ad da ya sauka, wani farin gishiri kan taru a jikin farantansa. In an yi caji da wuri, gishirin ya narke ya koma cikin ruwa, in kuwa an bar shi kwanaki sai ya daskare, wurin ya mutu ke nan. Saboda haka ki sa caji duk ranar da kika yi aiki, ko na rabin awa ne, kuma ki bari ya cika.

Ki samu mitar auna bolt. Bayan batiran sun huta aƙalla awa shida ba caji ba aiki, cikakken jeri zai nuna kusan bolt 38.2, wato 6.37 kowane ɗaya. In kin ga 36.3, rabi ya tafi, nan ne iyakarki. Ki riƙa auna su ɗaya bayan ɗaya ma, don sau da yawa guda ɗaya ne ke lalata sunan sauran.

Caja ta zama mai matakai uku, mai ba da amfiya 22 zuwa 29 ga irin wannan batir. Tana turawa har bolt ya kai kusan 44.4, ta tsaya a nan wutar na raguwa, sannan ta sauko 40.5 ta riƙe. Waɗannan alƙaluma na zafin digiri 25 ne a ma'aunin Celsius. Kowane digiri ɗaya da ya ƙaru, a rage bolt 0.09 ga jerin gaba ɗaya, in ba haka ba ruwa ya yi ta ƙonewa.

Maganar ruwa kuwa, nan mutane suka fi kuskure. Tataccen ruwan batir, wanda ake kira distilled water, kaɗai ake zubawa, ba asid ba, ba ruwan famfo ba. Bayan caji ake ƙarawa, don ruwan kan kumbura yayin caji ya malalo. In dai kin tarar farantai sun fito fili, ki rufe su da ruwa kaɗan tukuna, ki yi caji, sannan ki cika zuwa milimita 3 ƙasa da wuyan ramin da ake zuba ruwan. Ki sa tabarau da safar hannu. Kuma don Allah a yi caji inda iska ke shiga, ba wuta ba sigari, domin iskar haidirojin da ke fita tana fashewa.

In ma'aunin nauyin ruwan batir, wato hydrometer, ya nuna bambancin da ya wuce 0.030 tsakanin ramuka, a yi cajin daidaitawa, wato ƙarin caji mai daidaita ramukan, a bolt 48.6, ana aunawa duk awa har lamba ta daina hawa. Batiran da aka liƙe, waɗanda ba a zuba musu ruwa, irin su AGM, ba a yi musu haka.

Tambaya: In koma litiyam, ya fi?

Amsa: Ya fi ta fuskar daɗewa da rashin hidimar ruwa, muddin nau'in litiyam da ake kira LiFePO4 ka zaɓa. Sel 12, wato ƙananan 'ya'yan batirin, a jere suna ba da bolt 38.4, cajinsu ba ya wuce 43.8, don haka tsohuwar cajarka ba za ta yi ba. Ka duba amfiyar da na'urar tsaron batirin, wato BMS, ke iya ɗauka, domin injin kan fizgi wuta mai yawa lokacin tashi, ƙarama kuwa sai ta yanke wuta a tsakiyar aiki. Ba a cajinsa in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 0. Sannan batiran dalma shida sun kai kilo 168, wannan nauyi shi ke danne tayoyi su kama ƙasa. In ka cire shi, sai ka ɗora wani nauyi a madadinsa kafin ka ja garma.