Tambaya da Amsa: "Baba Ya Ce a Shekaruna Ya Riga Ya Gina Gida"

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin sakandare ne a Kano, shekaruna 36, ina da mata da 'ya'ya uku. Shekara tara ke nan muna haya a ciki da falo, bana kuma mai gida ya kusa ninka mana kuɗi. Duk sanda na je gaishe da mahaifina sai ya ce shi yana ɗan shekara talatin ya gina nasa, mu kuwa waya da sutura sun cinye mu. Abin yana ci mini rai. Laifina ne? Ina mafita?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Ni sa'an mahaifinka ne, don haka bari in faɗa maka abin da mu dattawa ba mu cika faɗa ba. Baba bai yi ƙarya ba, amma kasuwar da ya ci ta riga ta watse.

Lokacin da na sayi fulotina a Hotoro, gonakin gero ne hagu da dama, har abokaina suna cewa na kai iyalina daji. Albashin 'yan watanni na tara na biya. Wasu da suka girme ni da kuɗin Udoji na 1975, wato ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikatan gwamnati, suka sayi nasu, wasu suka samu gidajen Shagari ko na Kundila. Gwamnati tana yanka filaye tana rabawa ma'aikata, gari kuma bai cika ba. Mun yi ƙoƙari, amma zamani ya riƙe mana hannu.

Ka daina auna kanka da naira, ka auna da buhun siminti. A 2019 mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne, buhu kuma wajen 2,500, wato buhu 12. A 2024 aka mai da albashin 70,000, amma buhu ya kai wajen 10,000, wato buhu bakwai. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 aka kuma saki naira, rodi da kwano da tifar yashi duk sun bi sahu. Mai gidanka ma abin da yake kallo ke nan. Ko ka sayar da wayarka, ba za ta kai ginin linta ba.

Sai dai akwai inda nake bayan Baba. Mu ba mu jira mun gina gida sukutum ba. Ɗaki biyu da banɗaki na yi, na zagaye da katangar ƙasa, muka tare ba filasta ba wutar lantarki. Shekara bakwai kafin in yi zaure. Matasa da yawa yanzu sai tayil da silin na zamani, kuma sai cikin gari. Ka nemi fili tukuna, ko rabin fuloti ne, ta wajen Janguza ko hanyar Gezawa ko Madobi. Ka shiga adashe da abokan aikinka, ranar ɗaukarka kuɗin ya tafi kan fili ko bulo, kada ya kwana a hannunka.

A nan fa ka buɗe ido. Yawancin filaye masu sauƙi awon igiya ne, ba sa cikin tsarin gwamnati. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna, don haka takardar dillali kaɗai ba ta kare ka ranar rusau. Ka je KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye ta jihar Kano, a duba maka wurin, ka ga mai unguwa da maƙwabta, in filin gado ne ka tabbatar duk magada sun sa hannu. Na ga wata bazawara da aka sayar wa fili ɗaya ita da mutum biyu, har yau hawayenta bai bar zuciyata ba.

Ka kuma duba takardar albashinka. In ana cire maka kashi 2.5 cikin ɗari na asusun gidaje na ƙasa, wanda aka kafa a 1992, kana da damar neman rance ta bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya, ruwansa kashi 6, biya har shekara 30. In zuciyarka ba ta kwanta da ruwa ba, akwai bankuna irin su Jaiz masu tsarin da ba ruwa.

Sauran magana ta iyaye ce, kuma ina roƙon ka karanta wa Baba wannan sashe cikin ladabi. Alhaji, in kana da kango ko fili a bayan gida, ko gini mai ɗaukar bene, ka ba yaron nan ya gina tun kana raye, a rubuta da shaidu, sauran 'ya'ya su sani kuma a yi musu adalci. Ni 'ya'yana biyu a bayan gidana suka tayar da ɗakunansu, kuɗin hayar da za su ba wani shi ya zama bulonsu. Ranar Juma'a in ka je gaishe shi, ɗana, ka tafi da lissafin buhun simintin nan a takarda, ka tambaye shi nawa ya sayi nasa buhun.