Garin zogale ko kiret ɗin ƙwai? Cefanen mai wankin ƙoda

Tambaya: Innata tana wankin ƙoda. Ta rame, abinci ya fita ranta, likita kuma ya ce gwajin jini ya nuna kumburi a jikinta. An tallata mini garin zogale da wasu ƙwayoyi masu tsada, wai suna kashe kumburi. In saya? Nama kuwa tuni mun hana ta. Daga wata 'yar uwa, Mabera, Sakkwato.

Amsa: Allah ya ba Inna lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri. Riƙe kuɗinki. Abin da ya fi tayar mini da hankali ma shi ne hana ta naman nan.

Kumburin da likita yake nufi ido ba ya ganinsa. Garkuwar jiki ce ke zama a tashe dare da rana, gwajin jini da ake kira CRP ke nuna shi. Yana kashe sha'awar abinci, yana cinye tsoka, ramar kuma ta ƙara buɗe wa cuta ƙofa. Ga injin wankin, duk zama sai ya tafi da wani abu na sinadarin gina jiki, wato furotin. Shi ya sa dokar rage nama ta kafin a fara wanki take juyewa: yanzu ana son kusan giram 1.2 na furotin a kan kowane kilo na nauyinta a rana. Mai kilo 50, giram 60 ke nan, alhali farin ƙwai ɗaya bai cika giram 4 ba.

To, kuɗin ƙwayoyin nan ki sa su a ƙwai, ɗanyen kifi da kaza, a dafa a gida da albasa da tafarnuwa, a rage gishiri da dunƙule. Kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini. Kilishi da tsire gishirinsu ya yi yawa, ƙishirwa za su tayar mata a zafin Sakkwato, ga ruwan shanta a ƙayyade.

Busasshen zogale cike yake da wani sinadari mai suna fotasiyam, ƙodarta kuma ba ta iya fitar da shi. In ya taru a jini yana iya tsayar da zuciya. Haka dabino da ayaba, da gishirin kanti da ake cewa na masu hawan jini, duk suna da fotasiyam mai yawa.

Ranar wanki na gaba ki tafi da sunan ƙwayoyin ko hoton kwalinsu ki nuna wa likitanta. Ki kuma roƙa a duba haƙoranta, da robar da ake sa wa a jijiyar wuya in ta nan ake mata wankin, domin sau da yawa daga nan kumburin ke tasowa, kuma abinci ba ya maganin wannan.