Tambaya da Amsa: Jan tauraron nan da ake cewa zai fashe

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah na ga wani bidiyo a waya ana cewa wai akwai tauraro mai suna Betelgeuse da haskensa ke raguwa yana dawowa, kuma wai ya kusa fashewa ya ƙone duniya. Gaskiya ne? A ina zan ganshi?
Daga wani ɗalibi a Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Maganar haske gaskiya ce, ta ƙone duniya kuwa ƙarin gishiri ne na masu neman a kalli bidiyonsu.

Fara da ganinsa da idonka. Lokacin hunturu, wajen Disamba ko Janairu, ka fito bayan sallar isha'i ka fuskanci gabas, zaka ga wasu taurari uku a jere reras. A hagunsu akwai wani mai ja-ja, to shine, a dama kuma akwai wani fari tas mai ɗan shuɗi-shuɗi, sunansa Rigel. Ka riƙe Rigel ɗin nan da kyau dan da shi zaka dinga auna ɗan uwansa, in ka ga duk sun dishe tare to hazo ne kawai, in kuma jan ne kaɗai ya sauya to abin daga can ne.

Girmansa kuwa sai dai a ce subhanallah. Faɗinsa ya kai kamar ninki 700 na rana, da za a ajiye shi a gurbin rana da ya haɗiye duniyarmu har da duniyar Mas. Amma fatarsa bata kai ta rana zafi ba, kusan digiri 3,300 ne, ita rana wajen 5,500, shi yasa yake ja. Nisansa ya haura tafiyar shekara 500 ta haske, wato hasken da zaka gani yau ya baro shi tun kafin jihadin Shehu da ƙarnuka.

To me ke sa hasken hawa da sauka? Tauraron kumbura yake yana motsewa, da gaske nake. Zafi na tasowa daga cikinsa, iskar gas ɗin da ke sama ta tare shi ta hana shi fita, sai ta kumbura ta yi waje, in ta yi nisa ta huce sai zafin ya samu hanya ya fice, nauyin tauraron ya sake janyo ta ciki, a koma farko, kamar dai murfin tukunya in ruwa na tafasa yana ɗagawa yana komawa. Zagaye ɗaya na ɗaukar kwana 400 ko sama da haka kaɗan, akwai kuma wani dogo na kusan shekara 6 a kansa, kuma baya bin lissafi sak, wani lokacin ya yi jinkiri wani lokacin ya zarce. Ba yau aka lura ba, masanin taurari John Herschel ɗan Ingila ya rubuta wannan sauyin tun 1836.

Abin da ya tada hankalin mutane shine ƙarshen 2019 zuwa Fabrairun 2020, da haskensa ya faɗi zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku, aka yi ta cewa shikenan ya zo gargara. Daga baya na'urar hangen nesa ta Hubble da wata babba dake ƙasar Chile suka nuna gas ne ya amayar mai yawan gaske, ya huce ya zama ƙura ya tare mana wani ɓangarensa. Kafin damina ta kankama a shekarar haskensa ya dawo. Ni wannan ne yafi burge ni a labarin, a ce tauraro ya sauya kamanni cikin 'yan watanni har mai ido kawai ya gane.

Fashewa kam zai yi in Allah ya so, dan manyan taurari basa daɗewa, shekarunsa wajen miliyan 10 ne kawai amma har ya tsufa, alhali rana ta haura biliyan 4 da rabi. Masana na cewa cikin shekara 100,000 masu zuwa. In ya faru za a dinga ganinsa ko da rana tsaka na tsawon makonni, amma nisan yayi yawa, ba abinda zai taɓa mu. Ka kwantar da hankalinka, ka gaya ma wanda ya turo maka bidiyon shima.